Furfura da Takarda: Haƙƙin Babba da Haƙƙin Ƙarama a Wurin Aiki

  

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, mas'alar da muke so mu tattauna a wannan fitowa mas'ala ce wadda kowa ya san da ita a ƙasashen Tasawa da Mayahi, amma ba a cika faɗinta a fili ba, sai dai a yi ta gunaguni a bayan ɗaki. Ita ce rashin jituwar da ake samu tsakanin mata manya da mata ƙanana waɗanda aiki ɗaya ya haɗa, ko a likita, ko a makaranta, ko a ofishin hukuma, ko a ƙungiyar asusu. Babbar tana cewa ƴan matan yanzu ba su da kunya, takarda ta sa musu girman kai. Ƙaramar tana cewa iyayen nan ba sa son kowa ya taso, sun tsare ƙofa sun hana wucewa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan shekaru suna hannun wata, sanin aiki ko muƙami yana hannun wata, wace ce za ta bi wata?

Abin da idonmu ya gani

Wani dare cikin damina mun raka wata ƴar'uwarmu mai naƙuda zuwa wata likita ta karkara, wadda ba za mu ambaci sunanta ba. Wadda ta jagoranci tafiyar tsohuwar ungozomar gari ce, mace mai furfura, wadda rabin matasan ƙauyen a hannunta aka yanke musu cibiya. Wadda muka tarar a ɗakin haihuwa kuwa yarinya ce sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya, wadda ba ta kai shekarun autar tsohuwar ba. Da aka sauko da mai naƙuda daga amalanke, tsohuwa ta bi ta za ta shiga, sai yarinyar ta ce mata a gaban jama'a: "Tsohuwa, koma waje, nan ba tsakar gida ba ne." Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta ja zanenta ta zauna a gindin bishiya.

Abin da ya fita tare da ita daga ɗakin nan shi ne labarin da babu wanda ya san shi sai ita: cewa naƙudar ta fara tun safiyar jiya, mai cikin ta ɓoye saboda kunya, kuma an ba ta wani jiƙo a gida don a gaggauta haihuwa. Sai can kusan asuba ma'aikaciyar ta gane abin ya fi ƙarfin wurin, aka nemi mota zuwa babban asibitin gunduma. Allah Ya kuɓutar da uwar, jaririn kuwa bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, kuma ba mu isa mu ce da an yi kaza da ya rayu ba. Amma da muka tambayi tsohuwar dalilin da ya sa ta yi shiru, amsar da ta ba mu ita ce: "Ai ba ta tambaye ni ba." Wannan amsa ta daɗe tana damunmu. Ɗaya ta wulaƙanta, ɗaya ta yi fushi ta riƙe abin da ta sani, kuma wadda ta ɗauki nauyin rigimar tasu ita ce wadda ke kwance ba ta san ma ana yi ba.

A makaranta kuwa sau da yawa abin juyawa yake yi, domin a can iko yana hannun babba. Mun sha jin koken ƙananan malamai mata cewa su ake ba ajin da ya fi cunkoso, su ake aike kamar ƴan aikin gida, wata har cefanen shugaba take yi, in kuma ta nemi a nuna mata yadda ake shirya darasi sai a ce mata: "Mu ma babu wanda ya koya mana." Mun kuma ji koken manyan, cewa yarinya za ta shigo ba gaisuwa, idonta a kan waya, in an yi mata gyara ta ɗaga kafaɗa, in babba ta kasa aika rahoto ta waya ko ta kwamfuta a mai da ita abin dariya. A nan ma akwai na uku da ke biyan bashin da bai ci ba, wato ɗalibin da zai gama shekara bai iya haɗa baƙi ba.

Inda abin ya samo asali

Adalci ne mu fara da cewa ba dukkan laifin ke wuyan halin mutane ba. Akwai wanda tsarin aiki ya haifar, kuma wanda bai san tarihin ba zai yi hukunci da ka.

Tun cikin shekarun 1960 aka fara kafa ƙungiyoyin kiwon lafiya na ƙauye a jahar Maraɗi, inda ake zaɓen ungozomomin gargajiya a ba su ɗan horo kan tsabta da yankan cibiya, a ba su ƴan kayan aiki. Shekaru masu yawa su ne madogarar mata a garuruwa irin su Korgom, Urafan, Maijirgi, Kanambakashe da Sarkin Hausa. Daga baya aka yawaita ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, musamman daga shekarar 2001 a zamanin Shugaba Tandja Mamadu, sannan a 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da na awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Manufa ta koma ga a haihu a likita a hannun wadda ta yi karatun aikin, ita kuwa ungozomar gari aikinta ya zama rako da faɗakarwa. Wannan canji yana da hujja mai ƙarfi, domin zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga mai biyo bayan hawan jini, da doguwar naƙuda mai jawo yoyon fitsari, ba abubuwa ne da ake iya magancewa a ɗaki ba. To, amma mu dubi abin ta idon tsohuwar: aikin da ya ba ta suna da daraja shekara talatin an wayi gari an miƙa shi ga sa'ar jikarta, kuma babu wanda ya zauna ya yi mata godiya.

Haka a fannin ilimi. Manyan malamai mata da ke cikin aiki tun da daɗewa sun ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, sun ga shekarun da ake yin watanni ba albashi, sun fita aiki a lokacin da ake yi wa macen da ke zuwa ofis kallon wadda ta fi ƙarfin mijinta. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka sani da ƴan kwantiragi, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan, har suka zama su ne mafi rinjaye a makarantun firamare. Sai ga mata biyu a makaranta ɗaya, alli ɗaya, allo ɗaya, amma ɗaya tana da cikakken albashi da fansho, ɗaya tana jiran ɗan abin da ake ba ta wanda sau da yawa yakan makara. Da aka yi wa ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa a 2017, wasu manya suka ɗauke ta hujjar cewa dama yaran ba su iya komai ba, su kuwa yaran suka ji an tozarta su a kan horon da ba a ba su ba. Wanda ya zuba mutum biyu a rami ɗaya ya ba ɗaya igiya ya hana ɗaya, kada ya yi mamaki in ya ji suna faɗa.

Akwai kuma ƙarancin gurbi. Ranar 13 ga Mayun 1991 matan Nijar suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, har aka ƙara yawansu, kuma ranar ta zama ranar matan ƙasa. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, aka ɗaga adadin a 2014 da kuma 2019. Duk da haka, a ma'aikatu da yawa kujerar da ake bar wa mace ɗaya ce. Inda kujera ɗaya ce, wadda ke kai tana ganin kowace mai tasowa a matsayin mai jiran ta sauka, mai tasowar kuma tana ganin ta kai a matsayin katanga. Kishin da muka sani a gidan aure sai ya bi mata har wurin aiki.

Sanin wannan duka yana sa mu yi wa juna uzuri, amma ba ya ɗauke wa kowa alhaki. Tsari bai sa kalmar wulaƙanci a bakin yarinya ba, bai kuma rufe bakin tsohuwa ba.

Haƙƙi biyu da ake cakuɗawa

A fahimtarmu, tushen rigimar shi ne an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: girma da amanar aiki.

Girma haƙƙi ne na shekaru. Babba ta cancance shi ko ta yi karatu ko ba ta yi ba, ko tana da muƙami ko mai shara ce. Ya ƙunshi a fara gaishe ta, a kira ta Inna ko Gwaggo ko Hajiya, a ba ta wurin zama, a sassauta murya a gabanta, in ta yi kuskure a gyara mata a keɓe. Babu takardar shaidar da ke soke wannan haƙƙi.

Amanar aiki kuwa haƙƙi ne na wanda ake yi wa aikin, wato mai naƙuda da ɗalibi da mai ajiya a asusu. Ba mallakar babba ba ce balle ta ce a bar mata saboda furfura, ba kuma mallakar ƙarama ba ce balle ta yi taƙama da ita. Wadda aka ɗora wa alhakin yanke shawara, kuma take da sanin abin, ita za ta yanke, ko da ita ce mafi ƙanƙanta a wurin. In ma'aikaciyar lafiya ta auna ta ga jinin mai ciki ya hau, ta ce a tafi asibiti yanzu, to babu kunyar da za ta sa ta janye don wata babba ta ce a jira gari ya waye. In ta janye, ta sayi yardar babba da ran wata, kuma wannan cin amana ne ko da an kira shi ladabi.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce: a cikin yadda ake magana, ƙarama ce ke bin babba, a cikin abin da za a aikata, dukkansu biyu suna bin gaskiya, a bakin duk wadda ta fito. Kuskuren ƙarama shi ne ta zaci tunda ita ce da gaskiya a aiki, an sauke mata nauyin ladabi. Kuskuren babba shi ne ta zaci tunda ita ce da girma, to ita ce da gaskiya a komai, kuma ƙaramar baiwarta ce.

Mu ƙara da cewa sani ma iri biyu ne. Wadda ta fito daga makarantar lafiya ta Damagaram ko ta Yamai ta san awon jini da alamomin hatsari, ta san dakashi, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, kariya ne ga jariri, ta san illar yankan gishiri da yawan kunun kanwa ga mai jego. Tsohuwar kuwa ta san wace ce ke da ciki tana ɓoyewa, wace ce ta sha wahala a haihuwar baya, wace uwar miji ce sai an lallashe ta, wane maigida ne ba zai ba da izini ba sai an bi ta wurin yayansa. Ma'aikaciya baƙuwa za ta yi shekara biyar ba ta tara wannan ba. Likitar da ta rasa ɗaya daga cikin waɗannan sani biyu gurguwa ce.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce: in kuka ba yarinya damar ƙin bin maganar babba, ai kun rushe tarbiyya, kuma Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Muna cewa karin maganar gaskiya ne a kan abin da shekaru ke koyarwa, kamar halin mutane da ƙarshen al'amura. Amma ma'aunin hawan jini ba ya tambayar shekarun mai riƙe da shi. Magabata ma sun san da haka. Sayyidina Umar ya kasance yana zaunar da Abdullahi ɗan Abbas, yana matashi, a majalisar dattawan Badar saboda iliminsa, har wasu suka nuna damuwa, bai fasa ba. Nana A'isha ba ta kai shekara ashirin ba lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wafati, amma manyan sahabbai suna zuwa su tambaye ta. Ba a ji wannan ya rage wa dattawan daraja ba, ba a kuma ji matasan sun raina su ba.

Wata kuma za ta ce: kullum ƙarama ake ce wa ta yi haƙuri, alhali ita ake zalunta. Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa, kuma ba za mu kauce masa ba. Addininmu bai ambaci girmama babba shi kaɗai ba, ya haɗa shi da tausaya wa ƙarami, kuma wanda ya karɓi rabi ya bar rabi bai yi adalci ba. Ƙa'idar da muke gani ita ce: nauyi ya fi yawa a kan wadda iko ke hannunta a wannan wuri. A ɗakin haihuwa ma'aikaciya ce mai iko, don haka ita ce ya wajaba ta fara sauko da kai. A makaranta shugaba ce mai iko, don haka ita za a fara tambaya. Ladabi bai wajabta wa ƴar kwantiragi yin wanki ko cefanen shugabarta ba. In ta yi don kyautatawa, lada ne. In an tilasta mata da barazanar mugun rahoto ko canjin wuri, zalunci ne, kuma tana da damar ta ƙi cikin lafazi mai kyau, ta kai ƙara inda ya dace. Maganar nan ta "mu ma haka aka yi mana" ba hujja ba ce. Wadda ta ɗanɗani ɗacin abu ita ta fi cancanta ta hana a ba wani.

Misalan da muka gada

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Shifa'u ƴar Abdullahi, wadda ta iya rubutu tun kafin ya yawaita, ta koya wa Nana Hafsa, ba ta riƙe shi don ta zama ita kaɗai ba. A ƙasar Hausa, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take naɗa mace dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar jagoranci. Jaji takan taho daga ƙauye tare da tsofaffi da ƙananan ƴan mata, su ɗauki karatu su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Furfurar jaji ce ke sa iyaye su saki ƴaƴansu su yi tafiyar, ƙwaƙwalwar yaran ce ke riƙe karatun har ya kai ga na baya.

A zamaninmu kuma, a nan jahar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mata suna zuba kuɗi mako-mako a akwati mai makullai da ke hannun mutane daban-daban, a buɗe shi a gaban kowa. Hikimar da ke ciki ita ce babu mace ɗaya da ke iya buɗe akwatin ita kaɗai. A ƙungiyoyin da suka ɗore, za ka tarar dattijuwa ce ake jin nauyinta wajen karɓo bashi da sasanta rigima, mai ƙuruciya da ta yi makaranta kuma tana taimakawa da lissafi. Da wuraren aikinmu za su ɗauki kansu kamar wannan akwati, da an huta.

Nasiha

Zuwa ga iyayenmu mata: ilimin da kuka tara amana ne, in kuka tafi da shi kabari an yi hasara, kuma ɓoye shi lokacin da rai ko makomar yaro ke bukatarsa abin tambaya ne gobe. Kada ku jira sai an tambaye ku. Ku ce: "Ɗiyata, zo ki ji," ku faɗi abin da kuka sani ko da an ɓata muku rai. Babba juji ne. Kuma karɓar gyara daga ƙarama ba ya zubar da girma; abin da ke zubar da shi shi ne a gane kun san gaskiya kun ƙi ta.

Zuwa ga ƙannenmu da ɗiyanmu: ƙofar da kuka shiga ba da kanta ta buɗe ba, waɗansu ne suka sha zagi da yunwa kafin ta buɗu. Ku fara da gaisuwa, ku tambaya kafin ku yi umarni. Jimla ɗaya kamar "Inna, me kuka gani tun da abin ya fara?" tana iya ceton rai. In za ku saɓa wa babba, ku saɓa mata a kan aiki, a keɓe, da hujja, ba tare da kun taɓa mutuncinta ba. Ku tuna takardar da kuke taƙama da ita ita ma za ta tsufa, wata rana wata yarinya za ta zo da sabon ilimin da ba ku sani ba.

Zuwa ga shugabannin ma'aikatu da sarakuna da malamai: ku bayyana aikin kowa a fili don kada a bar shi ga ƙarfin hali. Ku haɗa kowace sabuwar ma'aikaciya da babbar da za ta riƙe hannunta, a kuma san da wannan wahala ta babbar a yaba mata. In an karɓi wani aiki daga hannun ungozomomin gari, a yi shi da godiya a bainar jama'a, a ba su matsayin da za su shigo likita da kai a sama. A biya ƴan kwantiragi haƙƙinsu a kan lokaci, domin yunwa ba ta barin ladabi ya zauna. Mu maza da mata masu sauraron ƙorafi a gida kuma, mu daina zuga, mu daina cewa dama mata ba sa haɗuwa, domin wannan magana ita kanta tana hura wutar.

Tsohuwar nan da muka ba ku labarinta ta ci gaba da rako mata zuwa likita, ma'aikaciyar kuma an canza mata wurin aiki, ba mu san ko sun taɓa zama sun yi maganar daren nan ba. Abin da muka sani shi ne gobe ma wata amalanke za ta tsaya a ƙofar wata likita, da tsohuwa a gefenta da yarinya a bakin ƙofa. Muna roƙon Allah Ya sa a wannan karon ɗaya ta tambaya, ɗaya ta faɗa. Allah Ya ba manyanmu tausayi, Ya ba ƙananamu ladabi, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.